Baƙi a Ƙasar da Aka Haife Su

Tambaya: Malam, me ya sa Falasɗinawan da aka haifa a Lebanon har yau suke ganin kansu baƙi?

Amsa: Malama, kakanninsu sun shiga Lebanon ne a 1948, lokacin da aka raba kimanin Falasɗinawa 700,000 da gidajensu. Jikokin da suka taso a sansanonin 'yan gudun hijira irin Ainul Hilwa kusa da birnin Saida, yawancinsu ba su da takardar zama ɗan ƙasa, an hana su aikin likita da na lauya, kuma dokar 2001 ta hana su mallakar gida. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne mabuɗi mai tsatsa da tsohuwa ke adanawa a ƙasan akwati, tana koya wa jikanta sunan ƙauyensu na Galili, yankin da ke arewacin Isra'ila a yau, wanda idonsa bai taɓa gani ba.