Tsohon masaukin katako ya karkata, a rushe ko a gyara?

Malam, ka ce tsohon masaukin katako na lambunku a Sakkwato ya karkata, kana tunanin rushewa. Kar ka yi gaggawa. Fara soka ƙusa a gindin kowane ginshiƙi. In ta nutse kamar cikin tuwo, gara ta gama da shi. A tokare rufin tukuna, sannan a yanke wurin da ya lalace, a yi ƙari, a ɗora kan kankare don kada icen ya taɓa ƙasa. Ni azarar giginya na fi yarda da ita, gara ba ta cika cinta ba. Kuskuren da na sha gani shi ne rufe ɓarna da fenti. A gama kafin damina. In icen da ke ɗauke da rufin ya tsage, kira injiniyan gini.