Tambayi Likita: saƙonnin ɗalibai na wannan makon

Assalamu alaikum. Da ganin saƙonnin wannan makon na san jarabawa ta matso, kusan duk ɗalibai ne, ga guda uku da na zaɓa.

Tambaya: Likita ina aji uku a jami'a a Zariya, in jarabawa ta zo kwana nake ina karatu har asuba, ina haɗa Nescafe da goro wani lokacin har da lemon ƙarin kuzari, yanzu zuciyata sai bugawa take fat-fat hannuna na rawa. Abokina ya ce in gwada tiramol wai ba zan gaji ba.

Amsa: Ƙanina don Allah ka bar maganar tiramol tun yanzu. Maganin ciwo ne mai ƙarfi, yana kama jiki ka kasa rabuwa da shi, yana kuma iya jefa mutum cikin jijjiga kamar mai farfaɗiya, kuma na ga samari masu ƙoƙari da karatunsu ya lalace ta wannan hanyar, abin yana min ciwo wallahi. Bugun zuciyar nan kafeyin ne, wato sinadarin da ke cikin kofi mai hana barci, ya yi maka yawa. Babban mutum mai lafiya bai kamata ya wuce miligiram 400 a rana ba, wajen kofi 4 kenan, kai kuma ka haɗa kala uku domin goro da lemon nan duk suna ɗauke da shi, ga shi bayan awa 5 rabinsa na nan cikin jini, shi ya sa ko ka kwanta idonka biyu. Abin da ɗalibai ba sa so su ji shi ne lokacin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta, wanda ya kwana bai runtsa ba shi ne zai shiga ɗakin jarabawa yana ganin tambaya ya san ya karanta amma ta ƙi zuwa. Ka nemi awa 7, ka daina shan kofi daga la'asar, karatun ka mayar da shi bayan sallar asuba. In ƙirji ya fara ciwo ko numfashi ya sarƙe ko jiri ya kada ka, asibiti kai tsaye.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Kano, lakca tun 8 na safe har yamma, ba na karyawa sai dare in dafa indomi. Saman cikina na min zafi, ko olsa ce? Ina shan ibuprofen saboda ciwon mara.

Amsa: 'Yar uwa yunwa tana tayar da zafin amma yawanci ba ita ke haifar da olsa ba. Manyan dalilai biyu ne, ƙwayar cuta H. pylori da magunguna irin ibuprofen da diclofenac, musamman in ciki ba komai, kin ga kenan naki abin dubawa ne. Ki dakata da shi, ki koma parasitamol kafin ki ga likita, kada ya wuce ƙwaya 8 ta miligiram 500 a awa 24. Akwai gwajin bahaya na ƙwayar cutar, in an same ta maganin kamar sati 2 ne. Karin kumallo kuma ba sai kin kunna risho ba, koko da ƙosai a bakin hostel, awara, dafaffen ƙwai, ko ki jefa gyaɗa da dabino a jaka ki ci tsakanin lakca. In kin ga bahaya baƙi ƙirin ko amai da jini kada ki jira gari ya waye.

Tambaya: Kusan duk wata sai na yi zazzaɓi, mai kemis ya ce maleriya da taifot ne.

Amsa: Ba a gane wannan da ido. Gwajin maleriya na ɗigon jini minti 20 ne, shi kuma gwajin Widal shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot, mutane da yawa suna ta shan antibayotik a banza. In maleriya ce aka ba ka maganin artemether-lumefantrine, ka shanye shi sau 6 cikin kwana 3 ko da ka ji sauƙi, ka sha bayan cin abinci mai ɗan maiƙo, ka kuma ɗaura gidan sauro ko a gadon sama kake. Je asibitin makarantarku ka buɗe kati, ka tambaye su ko kana cikin inshorar ɗalibai ta TISHIP, ka faɗa musu wata nawa kana wannan zazzaɓin domin a duba jininka sosai.