Kafin ka koma 4-3-3, duba wanda zai tsaya maka a lamba shida

Koci, sannu da ƙoƙari. Ka ce yaranka suna buga 4-4-2, ba a cika cin su ba amma su ma ba sa ci, shi ne kake tambaya ko komawa 4-3-3 ('yan baya huɗu, 'yan tsakiya uku, 'yan gaba uku) zai kawo ƙwallaye, kuma wa za ka sa a ina. Zai iya kawowa, amma ba don an ƙara mutum ɗaya a gaba ba. Na daɗe ina horar da matasa da wannan tsarin, kuma duk sanda ya yi mana kyau, daga tsakiya abin ya faro.

Fara da lamba shida, wato ɗan tsakiyar da ke tsayawa a gaban 'yan baya. Idan kuna kai hari, 'yan bayan gefe, lamba biyu da uku, sun hau, sauran 'yan tsakiya, takwas da goma, sun matsa gaba, waɗanda suka rage a baya su ne huɗu da biyar, sai shi a gabansu. In ya zama mai bin ƙwallo duk inda ta nufa, da zarar an ƙwace muku ita, fasin ɗaya zai raba ƙungiyarka gida biyu. Kada ka zaɓi wanda ya fi kowa ƙarfi ko gudu. Ka tsaya a gefen fili lokacin atisaye, ka bar kallon ƙwallo, ka kalli wuyan yaran. Akwai wanda kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya waiga hagu, ya waiga dama, ya karkata jikinsa yadda zai ga gaba, taɓawa ɗaya ya sake ta. Shi ne mutuminka, ko da ba ya burge 'yan kallo. Aikin da Busquets ya yi wa Barcelona ke nan a bayan Xavi da Iniesta. Kuma kowa ya ga abin da ya samu Manchester City bayan Rodri, lamba shidansu, ya ji rauni a gwiwa a Satumbar 2024: ƙungiyar da ta ɗauki Firimiya sau huɗu a jere ta zo ta sha kashi a wasa biyar a jere.

Sai maganar gefe, inda na fi ganin ana tafka kuskure. A kowane gefe mutum ɗaya ne zai riƙe layi, ba biyu ba. Ko dai lamba bakwai, ɗan gaban gefen dama, ya manne a layi ya buɗe fili, lamba biyu ya tsaya a bayansa, ko kuma bakwai ɗin ya shigo ciki, biyu ya wuce ta bayansa ya yi kuros. In duka biyun suka tsaya a layi, ɗan baya ɗaya ya ishe su. Liverpool ta Klopp hanya ta biyu ta bi: Salah mai ƙafar hagu a dama, Mane mai ƙafar dama a hagu, dukansu suna yankowa ciki, Alexander-Arnold da Robertson su ke riƙe faɗin fili. A Firimiyar 2018/19 su biyun sun bayar an ci 12 da 11. Amma mutane kan manta da 'yan tsakiyarsu, Henderson da Wijnaldum, waɗanda ke toshe gurbin da 'yan bayan suka bari. Don haka a cikin takwas da goma, ɗaya dole ya zama mai huhu, wanda zai yarda ya yi aikin da ba a tafa wa.

Lamba tara kuwa, shawarata ka bar shi tara na gaske, wanda ke zama a gaba yana jiran ƙwallo. Na san yara suna son abin da Messi ya yi a 2009, ranar da Barcelona ta ci Real Madrid 6-2 a Bernabeu, yana janyowa tsakiya ya bar 'yan baya ba su san wa za su tsare ba. To amma Henry da Eto'o suna faɗawa gurbin da ya bari. In 'yan gefenka ba su saba gudu ba tare da ƙwallo ba, za ku yi ta kuros cikin yadi na sha takwas babu kowa a ciki.

Ka kuma faɗa wa bakwai da sha ɗaya tun yanzu cewa in aka ƙwace ƙwallo, su ne farkon masu tsaro. Ko su matsa wa mai ƙwallon nan take, ko su dawo tsarin ya koma 4-5-1. Wanda zai tsaya yana ɗaga hannu yana ƙorafi, benci ya fi dacewa da shi, kome iya yankansa.

In ka duba ka ga ba ka da lamba shidan da zai iya shi kaɗai, kada ka tilasta. Sa mutum biyu a wurin ka buga 4-2-3-1, 'yan gaba huɗu za ka samu ma. Ka gwada a wasan sada zumunci tukuna, ka lura da mutum nawa ke bayan ƙwallo a duk lokacin da kuka rasa ta. In sun gaza uku, a nan za ka fara gyara.