Ɗana yana ta kaɗa hannu: bitamin zan ba shi ko motsa jiki?

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ɗana shekararsa 6, an ce yana da otizim (lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane). Da ya ji hayaniya sai ya kama kaɗa hannuwa yana jujjuyawa, ba ji ba gani. Wata ƙawata ta ce in ba shi bitamin B6 da sinadarin maganiziyam, wata kuma ta ce motsa jiki ne maganinsa. Wanne zan bi? Daga wata uwa.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Ki fara da motsa jiki, kwalbar bitamin ta dakata tukuna.

Tun shekarun 1980 masu bincike suka lura cewa idan irin waɗannan yara suka yi gudu har numfashi ya ɗaga, maimaita motsin nan yakan ragu. Tafiyar hawainiya ba ta yin wannan aikin sosai. Sai dai sauƙin na ɗan lokaci ne, bayan awa ɗaya ko biyu abin yakan dawo, saboda haka dabara ake yi: a sa shi guje-guje ko tsalle-tsalle gab da lokacin da ake so ya zauna, kamar kafin darasi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kowane yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar minti 60 na motsa jiki kullum. Ki raba masa kashi-kashi, kuma ki bi abin da yake so, in ba haka ba kokawa za ku yi.

Maganar B6 da maganiziyam kuwa, bitar da masanan Cochrane, ƙungiyar da ke tantance binciken lafiya, suka yi a 2005 ba ta sami hujjar da za a ba da shawarar amfani da su ba. B6 in ya yi yawa yana taɓa jijiyoyi, hannu da ƙafa su riƙa mutuwa, ga shi yaron da magana ke yi wa wuya ba lallai ya iya faɗa miki ba. Inda bitamin ke da amfani shi ne in yana da tsananin zaɓen abinci. A auna jininsa, in an ga ƙarancin sinadarin ƙarfe ko bitamin D, likita ya yanka masa adadi.

Kaɗa hannun nan kuma, kada ya hana ki barci. Sau da yawa da shi yake lallashin kansa in surutu ya ishe shi. Gwada rage hayaniyar ki gani. Amma ranar da ya fara buga kai da bango ko cizon kansa, ku tafi asibiti ba tare da jinkiri ba.