Filin Tambaya da Amsa: Gasannin Bindigar Iska da Ba a Cika Jin Labarinsu Ba

Wasiƙun wannan watan sun karkata ga wasan harbi, kuma uku daga cikinsu daga Jos da kewayenta suka fito, don haka muka haɗa su wuri guda.

Tambaya daga wani mai karatu a Unguwar Rogo, Jos: Assalamu alaikum. Na ga hoton Baturken nan Yusuf Dikec yana harbi da hannu ɗaya a aljihu a gasar Olamfik ta 2024, sai aka ce mini bindigar iska ce a hannunsa. Ni a sanina bindigar iska ta harbin kurciya ce a bayan gari. Shin da gaske ana gasa da ita, kuma iyakar gasar ke nan, mutum ya tsaya a ɗaki ya harbi takarda?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya gaya maka bai yi kuskure ba. Ƙaramar bindigar iska ce Yusuf Dikec ya riƙe, kuma da ita suka ci lambar azurfa shi da abokiyar wasansa a gasar da ake haɗa namiji da mace. Wannan shi ne harbin mita 10, wanda hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, mai hedikwata a birnin Munik na Jamus, take kula da shi. Doguwar bindigar iska ta shiga Olamfik a 1984, ƙaramar kuma a 1988. Kaurin harsashin milimita 4.5 ne, kuma a gasar doguwar bindiga tsakiyar takardar, wato inda ake samun maki goma, faɗinta rabin milimita ne kacal, kamar ɗigon biro. Iyakar abin da talabijin ke nuna mana ke nan, amma ba iyakar wasan ba ne, kuma a ganina ba shi ne mafi daɗinsa ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne harbin fili, wanda ya samo asali a yankin Saseks na Ingila a 1980. A nan babu ɗaki, babu takarda. Ana shiga cikin kurmi ko saura a kafa siffofin ƙananan dabbobi da aka yanka daga farantin ƙarfe, kamar ɓera da zomo da kurege da hankaka, kowanne da rami a jikinsa. A bayan ramin akwai wani ɗan faifai wanda idan harsashi ya dake shi sai dabbar ta kife gaba ɗaya, amma idan harsashin ya sami jikin ƙarfen kawai, sai dai a ji ƙara, dabbar tana nan tsaye, kuma maharbi bai sami komai ba. Idan ta faɗi, akwai doguwar igiya da ake ja daga inda ake zaune ta miƙe don mai zuwa. Faɗin ramin yana kamawa daga milimita 15 zuwa 40, wato daga girman maɓallin riga zuwa girman ƙwallon tebur, nisan kuma daga mita 9 zuwa mita 50, kusan rabin filin ƙwallon ƙafa. Ana harbin dabbobi 50 a zagaye ɗaya, harsashi ɗaya ga kowace, mafi yawa a zaune a kan ɗan matashi, wasu a durƙushe, wasu a tsaye. A gasar duniya kwana uku ake yi ana harbin 150, kuma Afirka ta Kudu ta taɓa karɓar baƙuncinta.

Wahalar tana wuri ɗaya: ba a gaya wa kowa nisan dabbar, kuma an hana amfani da na'urar auna nisa. Ƙa'idar gasar duniya ta taƙaita ƙarfin bindiga, saboda haka harsashin dalma da nauyinsa bai wuce kimanin rabin giram ba yana fita da gudun kimanin mita 240 a daƙiƙa, kuma tun kafin ya kai mita 50 ya fara sunkuyawa ƙasa sosai. Wanda ya yi kuskuren mita biyu ko uku a ƙiyasinsa, harsashinsa zai sami leɓen ramin ne kawai. Dabarar da maharba suka fito da ita ita ce su mayar da madubin saitinsu abin awo. A gefen madubin akwai wani babban gargare da ake murzawa har hoton dabbar ya fito tangaran, kuma tun a gida maharbi ya riga ya manna tef a jikin gargaren ya rubuta nisan da kowane matsayi yake nufi. Sai ka ga dattijo zaune a ƙasa, gwiwoyi a sama, bindiga a kan gwiwa, yana murza gargaren nan a hankali gaba da baya kamar mai neman tasha a tsohuwar rediyo, sannan ya ɗaga kai ya karanta tef ɗin, ya gyara saiti, ya dubi ɗan zaren da ya rataya a bakin bindiga don ya ga inda iska ta nufa. Wani ma yakan ɗaga igiyar tayar da dabbar sama kaɗan ya ga yadda iska ke lanƙwasa ta a tsakanin hanya, domin iskar da ke kaɗawa a gabanka ba lallai ba ne ita ce ke kaɗawa a can. Bayan duk wannan ne yake taɓa kunama.

Duk wanda ya taɓa jera gwangwanayen madara a kan dutse yana harbinsu da danƙo lokacin ƙuruciya, ya san wannan lissafin ko da bai san sunansa ba. Mu da muka yi wannan a gindin duwatsun Jos mun sani cewa da safiyar hunturu ba a saita gwangwani kai tsaye, sai an ɗan karkata hannu zuwa inda iska ke fitowa, an kuma ɗaga sama kaɗan idan da nisa. Harbin fili wannan ilimin ne aka yi wa ƙa'ida da alƙali.

Yana da ƙane, wanda za mu iya kira harbin mafarauci, shi ma daga Birtaniya. A nan dabbobi 30 ne, daga yadi 8 zuwa yadi 45, kuma da zarar an fara gasa an haramta wa maharbi taɓa madubinsa, sai dai ya ƙiyasta nisa da ido. Ana kafa turke a ƙasa wanda dole jikinsa ko bindigarsa ta taɓa yayin harbi, mafi yawa a kwance rubda ciki, kuma masu shirya filin sukan sa turken da gangan a inda reshe ko kututture zai tare rabin hanya. Kifar da dabba maki biyu ne, samun jikinta maki ɗaya, kuskure kuma babu komai. Kayansa sun fi araha, shi ya sa sababbin shiga suka fi farawa da shi.

Akwai kuma harbin abin da ke gudu na mita 10, wanda ya zauna a Olamfik daga 1992 zuwa 2004 sannan aka cire shi, ko da yake har yanzu ana gasarsa. Takardar tana ratsa wata taga mai faɗin mita 2 daga nisan mita 10, a cikin daƙiƙa 5 a zagayen farko, daƙiƙa biyu da rabi a na biyu, harbi 30 a kowanne, kuma ba a yarda maharbi ya ɗora bindiga a kafaɗa ba sai takardar ta ɓullo. Daga Meziko kuma aka sami harbin siffofi huɗu, kaza da alade da talotalo da rago, waɗanda a gasar bindigar iska ake jera su a yadi 20 da 30 da 36 da 45, a harbe su a tsaye ba tare da jingina da komai ba, kuma sai siffar ta faɗo daga mazauninta ake ƙirga maki.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Bukuru: Mahaifina tsohon maharbi ne, amma yanzu ƙafa ta yi nauyi kuma hannu ya fara rawa. Shin a cikin waɗannan wasannin akwai wanda dattijo ko mai naƙasa zai iya?

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, Malama. Akwai harbin kan tebur, wanda kamar don irinsu aka yi shi. Maharbi yana zaune a kujera, bindigar tana kwance a kan madogarai biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, saboda haka rawar hannu ba ta da tasiri sosai. A gasar da aka fi sani ana harbi daga mita 25 a kan takarda mai da'irori 25, harsashi ɗaya ga kowace, cikakken maki 250. Kada a ɗauka sauƙi ne, domin tunda kowa bindigarsa a kafe take, abin da ya rage a yi takara a kansa shi ne karanta iska, kuma za ki ga an jera ƙananan tutoci tsakanin tebur da takarda, maharbi yana zaune shiru yana jiran su koma yadda suke lokacin harbinsa na baya. Wannan haƙurin dattawa sun fi samari shi.

Har makafi suna da gasarsu a mita 10. Ana ɗora wa bindigar na'urar da ke mayar da saiti ya zama sauti a abin sawa a kunne, sautin yana ƙara tsini yayin da bakin bindiga ke matsowa tsakiya, kuma akwai mataimaki a gefe mai kula da lafiyar wurin.

Idan Baba mai son tarihi ne kamar sauran maharba, ki ba shi labarin harbin ƙararrawa. Ya bunƙasa a birnin Bamingham da kewayensa a farkon ƙarni na 20, bayan yaƙin da Ingila ta yi da Turawan Bowa a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, lokacin da aka ga sojojin Ingila ba su kai abokan gabarsu iya saiti ba, aka shiga ƙarfafa wa ma'aikatan masana'antu gwiwa su koyi harbi. Faranti ne na ƙarfe mai ramin da bai kai santimita ɗaya ba a tsakiya, da ƙararrawa a bayansa, ana harbi daga yadi 6, kuma ana shafa wa farantin farin fenti marar bushewa don a ga inda kowane harsashi ya sauka, a shafe, na gaba ya harba. A ɗakunan bayan mashaya ake yinsa, abin da ba zai yi daidai da mu ba, amma wasan kansa ba ya bukatar fiye da zaure mai ɗan tsawo.

Tambaya daga wani ɗalibi a Tudun Wada, Jos: Ni da abokaina muna so mu sayi bindigar iska ɗaya mu fara gwada harbin fili a wajen duwatsun Shere. Wace iri za mu saya, kuma yanayin Jos zai dace?

Amsa: Ɗana, kafin maganar iri akwai maganar doka, kuma ina roƙonka ka karanta wannan sashen sau biyu. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa bindigar iska, doguwa da ƙarama, a cikin jerin makaman da ba a mallaka sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, a rukuni ɗaya da bindigar farauta, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba. Cewa da iska take aiki ba hujja ba ce a gaban kotu. Sannan kai ɗan Jos ne, ka san abin da garin nan ya gani, ka kuma san yadda za a fassara ganin samari huɗu da doguwar bindiga mai madubi a kan dutse. Bindigar gasa ta zamani daga nesa ba ta da maraba da ta yaƙi a idon mai gadin shinge. Hanyar da ta dace ita ce ku kai maganar ga hukumar wasanni ta jiha, ku nemi a haɗa ku da ƙungiyar wasan harbi ta ƙasa, domin a yi abin a ƙarƙashin kulob mai rajista, a filin da hukuma ta sani, da babba mai kula.

Idan an kai nan, bindigogin iri biyu ne suka fi yawa a gasa. Akwai mai sifirin, wadda ake karyawa ko a ja mariƙinta kafin kowane harbi, tana da araha kuma ba ta bukatar komai sai harsashi, amma tana zabura a hannu, don haka sai an koyi riƙe ta sako-sako, iri ɗaya kowane lokaci. Akwai kuma mai tukunyar iska, wadda ake cika wa iska mai matsi sosai da famfo na musamman ko daga babbar silinda, ba ta zabura, kuma ita ce a hannun mafi yawan zakarun harbin fili, sai dai kuɗinta da na kayan cika ta ba na ɗalibi ba ne. A gasa rukuninsu daban ne, saboda haka mai sifirin ba ya karawa da mai tukunya.

Game da yanayi, Jos tana kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma iskar wurin ba ta kai ta Legas kauri ba. Wannan yana rage wa bindiga mai sifirin ƙarfi, domin iskar da take matsawa a cikinta ta ragu, amma kuma harsashi yana samun sauƙin ratsa sarari. Ma'ana, duk wani jadawalin saiti da ka kwafo daga intanet wanda aka yi a Ingila ba zai yi maka aiki ba, sai ka auna naka da tef a nan. Sanyin asuba da zafin azahar ma suna canza abin da madubi ke nunawa, shi ya sa gwanaye ke manna ɗan ma'aunin zafi a jikin madubinsu, su rubuta layi biyu ko uku a kan gargaren, ɗaya na safe, ɗaya na rana. A lokacin hunturu kuma a riƙa rufe madubin da murfinsa tsakanin harbi da harbi saboda ƙura, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, tunda harsashin na dalma ne.