Na ƙara wa tsohuwar kwamfutata ram, sai ta fara mutuwa

Tambaya daga wani matashi a unguwar Birni: Malam, ina da tsohuwar kwamfutar tebur da na haɗa da kaina, furosesa Core 2 Quad Q6600 a kan babban allo mai P35. Tun tuni na ɗaga gudunta daga gigahaz 2.4 zuwa 3.0 ta cikin bayos, wato shafin saitin babban allo, kuma ba ta taɓa ba ni matsala ba da sandunan ram (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) biyu masu giga 2 kowacce. Satin da ya wuce na sayo ƙarin biyu don ta kai giga 8. Tun ranar, ina cikin haɗa bidiyon biki sai allo ya yi shuɗi, ta mutu ta sake tashi. In mayar wa mai kaya ram ɗinsa, ko furosesar ce ta tsufa?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi saurin komawa wurin mai kaya da faɗa. Mai yiwuwa ram ɗin lafiyarsa ƙalau, furosesar ma haka. Matsalar tana cikin yadda aka gina kwamfutocin wancan zamanin, na wajen 2006 zuwa 2008, kuma in ka gane ta za ka iya gyarawa ba tare da ka sake kashe ko dala ba.

Q6600 tana samun gudunta ne ta hanyar ninka agogon babban allo, wanda ake kira FSB, sau 9. Intel ya saita agogon a megahaz 266, in ka ninka sau 9 ka sami 2.4. Wannan 9 ɗin ba ya hawa, shi ya sa da ka so 3.0 sai ka ɗaga agogon zuwa 333. To, ram ma daga wannan agogon yake ɗaukar nasa gudun. Shanu biyu ne a karkiya ɗaya, ka zaburi ɗaya dole ɗayan ya bi. Ram DDR2-800 ainihin gudunsa megahaz 400 ne, kuma lokacin da agogo yake 266 bayos na ba shi rabon 2 da 3 don ya kai 400 ɗin. In aka bar rabon nan yadda yake, aka kai agogo 333, ram ya tafi 500, wato DDR2-1000, gudun da ba a ƙera shi dominsa ba. Akwai sanduna masu kyau da ke jure wannan shekara da shekaru, mai su bai ma san yana wahalar da su ba. Waɗanda ka sayo yanzu ba lallai su jure ba, musamman in kamfaninsu daban ne, kuma sanda ɗaya mai rauni ta isa ta kayar da kwamfutar gaba ɗaya.

Abu na biyu ya fi wannan yawan faruwa. A waɗannan allunan, mai kula da zirga-zirgar ram ba cikin furosesa yake ba. Yana cikin wani guntun lantarki a tsakiyar allo, ƙarƙashin ƙaramin ƙarfen sanyayawa da ke tsakanin furosesa da ramin katin hoto, shi ne P35 ɗin da ka ambata. Ɗaga agogo zuwa 333 ya riga ya ƙara masa aiki. Yana fama da sanduna biyu, ka ƙara masa biyu. Bar kwamfutar ta yi aiki na awa guda, ka kashe ta ka ɗora yatsa kan wannan ƙarfen. In ka kasa riƙe shi, ka ga inda ciwon yake.

Ga yadda zan bi da ita in a gabana take. Da farko ka rubuta saitinka na yanzu a takarda, ka mayar da bayos yadda ya zo daga kamfani. Sa MemTest86, abin gwada lafiyar ram, a filashi, kyauta ake samunsa, ka gwada sababbin sandunan ɗaya bayan ɗaya, sannan duka huɗun tare, ka bar shi ya zagaya sau da yawa. In kuskure ya fito a gudun kamfani lokacin da sanda ɗaya ce kaɗai a ciki, sandar ce ta lalace, ka sami hujjar mayar da ita. In babu kuskure, mai kaya ba shi da laifi.

Daga nan ka koma bayos, kada ka bar gudun ram a kan zaɓin kwamfuta, saita shi da hannunka. Sa rabon 1 da 1, wanda a agogo 333 zai ba ka DDR2-667. Ya yi ƙasa da 800, amma wallahi a aikin yau da kullum ba za ka ji bambanci ba. In ta zauna lafiya, gwada rabon 5 da 6, shi ne ke mayar da kai 800 daidai. Duba lambobin jinkirin da ke kan takardar kowace sanda, irin 5-5-5-15 ko 6-6-6-18, ka saita duka a kan masu girman, don mai saurin zai iya jiran mai nawa amma mai nawa ba zai cim ma mai sauri ba. Wurin da aka rubuta 1T ko 2T, sa 2T. Wutar DDR2 bolt 1.8 ce, sai in takardar sandar ta nemi fiye da haka. In har yanzu tana tuntuɓe, ƙara wa guntun P35 wuta da mataki ɗaya tak, ka ɗaura masa ƙaramar fanka.

Sai gwaji na awoyi da Prime95, manhajar da ke ɗora wa kwamfuta aiki mai nauyi, kuma a nan ne mu mutanen Damagaram muka bambanta da masu rubuta shawara daga Turai. Su ɗakinsu na da sanyi. Mu a watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe haƙoran ƙarfen sanyayawa tun watanni baya. Saitin da ya ci gwaji da asuba zai iya faɗi da azahar. Yi gwajin da tsakar rana a ɗakin da kake aiki, bayan ka hure ƙurar ka canja man da ke tsakanin furosesa da ƙarfenta, ka ga zafin bai wuce digiri 70 ba.

In duk da haka ta ƙi zama a 3.0 da sanduna huɗu, sauke furosesar, bar ram ɗin. Sa agogo 300 ka sami 2.7, ko ka koma 2.4 kawai. Haɗa bidiyo da buɗe shafukan intanet na yanzu ram suke ci, kuma giga 8 a 2.7 ta fi giga 4 a 3.0 amfani. Abin da ya fi damuna ba shuɗin allon ba ne, shi ai yana sanar da kai. Ram da ke kuskure a ɓoye yana iya lalata fayil lokacin da ake ajiye shi, ka miƙa wa ango bidiyon bikinsa ya je gida ya tarar yana tsinkewa, biki kuwa ba a maimaita shi.

Tambaya daga wata mai shagon buga takardu kusa da Kasuwar Dole: Malam, kwamfutocina biyu na hannu ne, Dell OptiPlex, suna nawa sosai har abokan ciniki na gajiya da jira. Wani mai gyara ya ce in sayi ram mai gudu, shi kuma zai ɗaga mini gudun furosesa. In biya?

Amsa: Hajiya, ki riƙe kuɗinki tukuna. Kwamfutocin ofis irin OptiPlex da takwarorinsu na HP an rufe bayos ɗinsu, babu wurin ɗaga agogo a ciki. Ram mai gudu ma in kin sa, allon zai saukar da shi zuwa gudun da ya sani, kin biya kuɗin abin da ba za ki mora ba. Ko da ana iya ɗagawa ba zan ba ki shawara ba. Takardun makaranta da na neman aikin mutane ne ke hannunki, kwamfutar da ba ta mutuwa kike buƙata.

Ki sa a duba miki abu uku da wata ƙaramar manhaja mai suna CPU-Z da kuma bayanan Windows: irin ram ɗin da ke ciki, DDR2 ne ko DDR3, giga nawa ne, sannan Windows ɗin mai bit 32 ne ko 64. Mai bit 32 ba ya ganin fiye da giga 3 da ɗoriya, ko nawa kika zuba. Kowane allo kuma na da iyakarsa, mai G31 misali giga 4 ne ƙarshensa. Akwai wani tarko da mutane da yawa ke faɗawa: tsofaffin alluna na zamanin Core 2 masu DDR3 sukan ƙi sandar giga 4 mai guntaye 8 a gefe ɗaya, sai mai guntaye 16, takwas a kowane gefe. Juya sandar ki ƙirga baƙaƙen guntayen da idonki. Mafi sauƙi, a ɗauki kwamfutar a kai ta shagon, a sa ram ɗin a gabanki ta tashi kafin kuɗi ya fita daga jakarki.

Amma in kuɗin abu ɗaya kike da shi kuma ram ɗin ya riga ya kai giga 4, ki sayi SSD, faifan ajiya mai sauri wanda ba ya juyi, ki maye gurbin tsohon faifan da ke juyi. Nawar da kike gani wajen tashi da buɗe takarda galibi daga can take. Kuma ki tanadi akwatin ajiyar wuta ko ƙarami ne, don ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki tana iya kashe faifai da lalata Windows.

Tambaya daga wani ɗalibi a Jami'ar André Salifou: Ina da Core i5-2500K da na kai gigahaz 4.2. Yayana zai aiko mini da ram daga Kano. In ce ya sayi huɗu masu giga 4 ko biyu masu giga 8? Ya ce ya ga wasu masu araha sosai da aka ciro daga saba, wato manyan kwamfutocin ma'aikatu masu yi wa wasu kwamfutoci hidima.

Amsa: Ƙanena, taka ta fi sauƙi. A 2500K, wadda ta fito a 2011, agogon allo na zaune a megahaz 100, lambar ninkawa ce kake ɗagawa, don haka gudun ram ba ya bin na furosesa. Sai dai mai kula da ram ya koma cikin furosesar kanta, kuma sanduna huɗu sun fi biyu ɗora masa nauyi da zafi. Biyu masu giga 8 za ka ce ya saya, kamfani ɗaya, lamba ɗaya, DDR3-1600 mai bolt 1.5. Masu neman bolt 1.65 ka bar su, an fi yin su don furosesocin da suka gabaci taka.

Na saba ɗin nan kuwa, ka ce masa a'a. Yawancinsu irin da ake kira rijista ne, za ka ga harafin R bayan lambar gudun, kamar 10600R ko 12800R. Za su shiga ramin daidai, amma kwamfutarka ba za ta tashi da su ba, arahar tasu ke nan. Naka ya ƙare da U. Ya ɗauki hoton takardar sandar ya turo maka ta WhatsApp kafin ya biya, kuma a naɗe su da kyau, don hanyar Kano zuwa Damagaram ba ta raga wa kaya a cikin but.

In sun iso, mayar da furosesar gudun kamfani kafin ka sa su. Cire wayar wuta, ka sa su a ramuka masu launi ɗaya har ka ji ƙarar maƙallan gefe biyu, ka gwada da MemTest86 dare guda. Sai sun ci wannan gwajin sannan ka koma 4.2, ka sake gwadawa da rana.