Kar ka biya sai ka tashe ta a cikin sanyi

Salamu alaikum ɗan'uwa. Da na ga tambayarka, wai tsakanin tarakta Ford 8N da Massey Ferguson 135 wacce za ka saya don nishaɗin kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gida, sai da gabana ya faɗi. Irin wannan sha'awar ce ta kai ni ta baro.

8N na saya, ƙirar 1951, wajen wani dattijo a bayan garin Winifeg na ƙasar Kanada. Watan Satumba ne, ga rana, yana dannawa ta tashi, fenti sai ƙyalli. Ya dube ni ido cikin ido ya ce ba ta taɓa ba shi wahala ba. Ashe ruwan gishirin da ake ɗura wa tayoyin baya don ƙarin nauyi ya cinye wili, shi kuma ya shafe tsatsar da fenti. Har shayi ya ba ni! Wallahi in na tuna shayin nan har yau raina ɓaci yake.

Wata asuba a Janairu, sanyi ya kai 30 ƙasa da sifiri, uwargida za ta fita aiki, batirin nan mai bolt 6 ya yi gurnani sau biyu ya yi shiru. Da shebur na buɗe hanya, yatsuna kamar ba nawa ba, ita tana cikin mota tana kallona, ta makara. Da taraktar ta yarda ta tashi bayan kwana uku, sai taya ta fara zubar da ruwan. Na kira dattijon ya fi a ƙirga, bai ɗauka ba.

Ɗauki 135 ɗin. Injinta Perkins mai silinda 3 ba ya gajiya, kayan gyara kuma ko'ina akwai. Ita 8N kana taka kuloci sandar da ke juya na'urar baya ta tsaya, abin ɗaga garma ma ya tsaya, kuma giyar ribas ɗinta ta yi sauri ga injin feso ƙanƙara. Amma fa in 135 ɗin mai shan dizal ce, dizal yana daskarewa: sai man hunturu, da hitar inji da za ka jona tun dare. Sarƙar taya dole ce. Yara kuma kar ka ɗora su, komai kukansu, tsofaffin nan ba su da ƙarfen kariya in sun kife.

Don Allah ka jira Disamba. Ka je da sassafe, ka taɓa injin ka ji da sanyinsa kafin mai ita ya tayar, sannan ka durƙusa ka ƙwarzani wilin da sukundireba.